Matar Ɗakin Baya: Sai Ranar Zaɓe Muke Tunawa da Ita?

Saƙon nan yana da ɗan tsawo, na kuma san wata tana bakin murhu, wata tana kasuwar Sabon Gari, wata tana wurin aiki. Ki ajiye shi sai dare in yara sun kwanta, amma don Allah ki karanta har ƙarshe. Yau ba maganar anko ba ce, ba kuma ta rabon kaya ba.

Lokacin da muke bi gida-gida a nan Unguwar Gabas muna duba waɗanda suka karɓi katin zaɓe, mun shiga wani gida aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Na tambaya mata nawa ne masu kati a gidan, aka ce uku. Har mun miƙe za mu tafi sai na ji tari daga wani ɗaki can ƙurya, dab da makewayi. Na ce, "Wa ke ciki?" Uwargidan ta ce, "A'a Hajiya, wance ce, ai ita ba ta fita." Na ce bari dai in leƙa mu gaisa.

Matar ƙanin maigidan ce. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana ƙarama. 'Ya'yanta biyu. Tana da keken guragu, ashe shi ne na wuce a zaure an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo, na ɗauka don ɓarayi ne. Makullin yana aljihun mijinta. Tun ranar da ta tuƙa keken ta je gidansu ta gaya wa mahaifiyarta cewa yana dukanta, aka maido ta da "ki yi haƙuri", ya ce tunda da keken take yawon kai ƙara, to ta zauna. Wata bakwai ke nan a lokacin ba ta ga titi ba.

Kin san abin da na yi? Na ce "Allah Sarki", na rubuta sunanta a littafi, na tambaye ta ko katinta yana hannunta. Ranar zaɓe muka tura mai Keke Napep, aka cicciɓo ta, ta dangwala, aka mayar da ita ɗakin. Mun samu ƙuri'a ɗaya. Ni kuwa sai da na kwashe watanni kafin na sake taka gidan. Ba don a yaba mini nake faɗa ba, kunyar abin ce ta sa nake wannan rubutu.

Idan ana maganar cin zarafin mata a gidan aure, shawarar da muke bayarwa ba ta wuce uku: ki yi yaji, ki gaya wa manya, in abin ya ƙi ki kai ƙara. To ki tsaya ki duba, duka ukun nan suna buƙatar ƙafa, ko ido, ko baki. Yaji tafiya ce. Wadda aka kulle wa keke da me za ta yi shi? Makauniyar da ɗan jagoranta ɗan kishiyarta ne, wa zai ja ta zuwa gidan mai unguwa? Kurmar da duk gidan mutum ɗaya ne yake gane maganar hannunta, kuma shi ne mai cutar da ita, wa zai fassara? Abin da ya raba halin da mace mai naƙasa take ciki da namu ke nan. Sau da yawa mai zaluntarta shi ne kuma ƙafarta, shi ne idonta, shi ne bakinta. In ta tona masa asiri, gobe da safe wa zai kai ta bayi?

Kuma cutarwar da ake yi mata ba duka take barin tabo ba. A ɓoye mata sanda. A bar ta cikin jiƙaƙƙen zane tun safe har la'asar don a hora ta. A ƙi sayo maganin farfaɗiya, in ta faɗi a ce aljanunta ne suka tashi. A sauya wa makauniya wurin kujera da buta da gangan, ta yi tuntuɓe a yi dariya. A ƙwace wa kurma waya, alhali ta saƙon waya kaɗai take hira da duniya. A riƙe katin cirar kuɗinta, duk tallafin da ya shigo a je wurin mai POS a kwashe, ita ko ƙarar shigowar kuɗin ba ta ji ba. A tura ta bara bakin titi cikin rana, da yamma a zazzage kwanon. Wanne daga ciki za ta nuna wa likita? Sai gori kuma, wanda ya fi duka ciwo: "Da ban kwashe ki ba wa zai aure ki?"

Zan faɗi wata magana da ba za ta yi mana daɗi ba. Ba maza kaɗai ke yi ba. A gidaje da yawa hannun da ke rufe ɗakin bayan nan hannun mace ne: kishiya, uwar miji, matar uba, facala, wani lokaci ma 'yar uwa ciki ɗaya. Na san jinya da wuya. Na san uwar da ta shekara ashirin tana ɗaga 'yarta tana wanke ta, bayanta ya ƙage, ba mai ce mata sannu. Irin wannan uwa taimako take buƙata, ba zagi ba. Amma gajiya daban, mugunta daban, kuma mu mata mun fi kowa gane bambancin in muka shiga gida.

Kada wata ta ce na manta da maza. Namiji mai naƙasa shi ma yana shan nasa. 'Yan uwa su cinye masa gado su ce ai ba zai iya juya dukiya ba, yara su yi masa ature a hanya, a cikin gida mata ko 'ya'ya su raina shi, kuma kunya ta hana shi buɗe baki, don wa zai saurari magidanci yana cewa matarsa ta mare shi? Wannan gaskiya ne, zalunci ne kuma. Sai dai ki lura da abu ɗaya: shi yana da ƙofa. Yana fita masallaci ko coci, yana da majalisar da yake zama, in kwana biyu ba a gan shi ba za a tambaya. A garuruwan Hausa tun da daɗewa akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, mutum yana da inda zai kai kuka, amma maza ne ke kan waɗannan kujeru. Mafi yawan wulaƙancin da namiji ke gamuwa da shi a waje yake faruwa, a idon mutane. Na mace a cikin ɗaki yake, daga hannun wanda take kwana da tashi da shi, kuma sau da yawa yana haɗawa da abin da ba a iya faɗa a gaban manya.

Ki duba yadda muke kallon aurensu ma. Makaho ya yi aure, ya ƙara ta biyu, ba mai cewa an yi masa alfarma. Gurguwa kuwa ranar da aka ɗaura mata aure sai ki ji ana cewa "an rufa mata asiri", "yaron nan ya yi jihadi". Daga ranar an ɗora mata bashin godiya da ba za ta taɓa gama biya ba. Duk abin da ya yi mata daga baya, iyayenta da kansu za su ce ta tuna halaccin da ya yi. Sannan ki ƙirga a layinku: maza nawa ne haɗarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, matansu suna nan suna jinya shekara da shekaru? Mata nawa ne irin haka ta same su, ko yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, suka ci gaba da zama a ɗakinsu da darajarsu? Ni dai abin da na fi gani shi ne amarya ko takarda.

Ba mu kaɗai ba ne, kuma ba zato nake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 16 cikin 100 a duniya suna rayuwa da wata babbar naƙasa, wato kamar mutum ɗaya cikin shida. A Ingila, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa duk shekara, ofishin ƙididdigarsu ya sha nuna cewa mata masu naƙasa suna fuskantar cin zarafi a cikin gida fiye da ninki biyu na matan da ba su da ita. Maza masu naƙasa su ma sun fi sauran maza fuskanta, amma ba su kai matan ba. Can fa ke nan, inda akwai lambar kira da gidajen fakewa. A nan gida, babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa mata 36 cikin 100 da suka taɓa aure sun gamu da duka, ko tilastawa, ko cin mutunci daga miji, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. In mai ƙafa da ido da baki ta yi shiru haka, ina ga ta ɗakin baya?

Sarƙar da na gani a zaure ta tuna mini da Rigasa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wata cibiya a can Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka sake fasa wata, a cikin waɗanda aka fito da su har da mata. Duk ƙasa ta girgiza. Amma an gansu ne don an tara su wuri ɗaya. Mai taɓin hankalin da aka ɗaure a turke ita kaɗai a bayan gida, ba ɗan sandan da zai je fasa ƙofarta. Kuma irin su ne ɓata-gari suka fi hari, don sun san ko ta faɗa za a ce ba ta cikin hayyacinta. Sai ciki ya fito a fara salati, a ce ba a san wanda ya yi ba. Wallahi sau da yawa an sani.

Doka kam akwai. A 2015 aka sa hannu a dokar tarayya ta hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP. Ba duka kaɗai ta hana ba, ta haɗa da cin mutunci da baki, da korar mata daga gida da ƙarfi, da danne wa mutum dukiyarsa, da raba shi da danginsa, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya. Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya karya ta, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga yadda mai keke zai iya. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024, ki duba da idonki matakala nawa suka rage. Kaduna ta yi dokar masu naƙasa tata a 2021. A kotun shari'ar Musulunci ma, a mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, cutarwa dalili ce da mace za ta nemi a raba aure, ba sai ta fanshi kanta ba in ta tabbatar da ita.

Akwai kuma gyaran da aka yi a Satumbar 2020 a jihar nan, wanda ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Da yawanmu mun yi murna. Ni ma na yi. Amma daga baya na lura da wani abu: in mai laifin ɗan gida ne, tsananin hukuncin kan ƙara sa dangi su rufe maganar, su ce ba za su kai ɗansu a kashe ba saboda "wannan". Wannan ɗin ita ce bebiyar da ba ta iya kiran sunansa. Doka mai zafi ba ta da amfani ga wadda maganarta ba ta fita zaure ba.

Ko ta fita ma, ki bi ta a hankali ki gani. Akwai cibiyar Salama a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, an kafa ta don duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, a ba su magani da shawara da shaidar likita. Abu ne mai kyau, kowaccenmu ta riƙe sunan. Ki kuma riƙe wannan: maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, don haka ba a jira sai an gama zaman dangi. To amma daga Samaru zuwa Ƙofar Gayan, a bi ta Kwangila, a wuce PZ, a ratsa Tudun Wada, mota nawa ke nan ga wadda sai an ɗauke ta an sauke? Wa zai biya? In kurma ce ta je caji ofis, wa zai yi mata tafinta, ba dai wanda ya rako ta daga gidan ba? In makauniya ce, tambayar farko ita ce, "Ya aka yi kika gane shi?" Kamar ba ta san muryar mutumin da suke gida ɗaya shekara goma ba.

Sunan da ke kan asibitin nan ma ya isa ya sa mu sunkuyar da kai. Gambo Sawaba 'yar Sabon Garin nan ce, shugabar mata ce a jam'iyya kamar yadda wasunmu suke yau. An yi mata auren fari tana 'yar shekara 13, ta sha duka a hannun 'yan daba, ta sha ɗauri, a zamanin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Har ta rasu a 2001 gidanta bai rabu da marasa galihu ba. Kujerar da ta zauna ita muka gada. Mu kuwa mun mai da ita ta rabon atamfa da taliya.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini. "Hajiya, tsakanin miji da mata sai Allah." "Wannan shiga sharo ba shanu ne." Wata ma ta ce mini a fili, in muka fara taɓa irin wannan za mu rasa ƙuri'un mazan gidan. Ta yiwu mu rasa wasu, ban musa ba. Amma ku gaya mini, lokacin da muke neman katinta, mun ce tsakanin miji da mata sai Allah? Ai har ƙuryar ɗaki muka shiga. Babu wata hukuma, babu wata ƙungiya a ƙaramar hukumar Sabon Gari da ta san cikin gidaje kamar matan jam'iyya. Daga Basawa zuwa Bomo, daga Hanwa zuwa Muciya, daga Cikaji zuwa Dogarawa, akwai gidan da ba mu san matan cikinsa ba? Namiji iyakarsa zaure. Mu ne ake ɗaga wa labule.

Ba cewa nake mu zama 'yan sanda ko alƙalai ba, kuma don Allah kada wata ta karanta wannan ta tafi da zafinta ta tare mijin wata a ƙofar gida. Ke za ki koma gidanki, ita a can za ta kwana. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi, ya kuma fi wuya. In kin shiga gida, ki tambayi wadda ba ta fito ba. Ki shiga ki zauna kusa da ita, ki yi magana da ita, ba da mai kula da ita ba. Mun saba mu tsaya a kanta muna tambayar wani, "Ta ci abinci?" kamar ba ta wurin. Ki nemi dabarar da za ku keɓe, ko da cewa za ki yi kitso kika zo yi mata. Ranar farko ba za ta faɗa miki komai ba, ta biyu ma haka. In ta faɗa, ki yarda da ita tukuna, sannan ki tambaye ta me take so a yi. Wata so take a kira yayanta, wata mai unguwa, wata liman ko fasto, wata lauya, kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa don irin wannan. Wata kuma ba ta shirya komai ba, so take kawai a san tana raye. Zaɓin nata ne. An daɗe ana yanke mata hukunci ba a tambaye ta ba, kada mu ma mu ƙara. In dai ba rai ne ke cikin haɗari ba, ko fyaɗe, ko yarinya ƙarama, wannan kam ba a jira.

Kuma kada a ɗauki hotonta a watsa a zaurukan WhatsApp da sunan neman taimako. Na roƙe ku.

Sai namu gyaran na cikin gida. Sau nawa muka raba keken ɗinki ko injin markaɗe, muka sa sunan mai naƙasa don jerin ya yi kyau, miji ko ɗan uwa ya zo ya karɓa "a madadinta", ba wadda ta koma ta ga inda kayan ya kwana? Na taɓa bin sawun wani injin da muka bayar, na same shi a shagon wani, an sayar tun satin farko. Daga yanzu a damƙa mata a hannunta, in kuɗi ne a asusun da ita ke riƙe da lambar sirrinsa, bayan wata ɗaya a koma a duba. Taronmu kuma mu daina yin sa a saman bene. In za a yi babban taro a nemo mai fassara da hannu, akwai su a garin nan, kuɗinsa bai kai na mai kiɗa ba. A shugabancin mata na kowace mazaɓa a samu mace mai naƙasa da kujera ta gaske, mai magana a ji, ba wadda za a turo gaba ranar ɗaukar hoto ba. Su suka san junansu, su suka san gidan da ake kuka. Ga Lois Auta nan 'yar jihar nan, shan inna ya same ta tana ƙarama, ta kafa gidauniyar Cedar Seed, har takara ta tsaya. Irinta nawa ne ke kulle a ɗakunan bayan Samaru?

'Yan takara kuma in sun zo neman goyon bayan mata, kafin a yi guɗa a tambaye su: kansila, me ka tanada don a samu tafintan kurame a asibitin mazaɓa? Ciyaman, wa zai ɗauki nauyin motar da za ta kai wadda aka ci wa zarafi Ƙofar Gayan? Ɗan majalisa, nawa aka sa wa dokar 2021 a kasafin kuɗi, nawa aka saki? Namu ne ko ba namu ba, tambayar ɗaya ce.

Na koma gidan nan daga baya, na kuma ci gaba da komawa. Sai a zuwa na huɗu ta yarda in yi wa yayanta magana, shi kuma ya samu mai unguwa. An cire sarƙar. Tana zuwa gidansu ranar Juma'a, ta fara saƙa hula tana bayarwa ana kai mata kasuwa. Ban ce komai ya gyaru ba, gorin yana nan, kuma ta ce kada a kai maganar gaba yanzu saboda yaranta, ni ma ban matsa ba. Ita ce ta gaya mini akwai wata kurma a layin bayansu da ba a gani ba tun bayan sallah. Ni ban iya maganar hannu ba. In akwai wadda ta iya a cikinku, ko take da 'ya ko ƙanwa da ta iya, ta yi mini magana ta gefe kafin Alhamis, mu je tare bayan la'asar.